Na'urar kare kunne ta lantarki: Abin da mai harbi ya kamata ya duba kafin ya saya

Idan damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe a jihohin Borgou da Donga, lokacin farauta ya kama ke nan. Daga unguwar Ganou a Parakou har ƙauyukan da ke kewaye da Djougou, ba a rasa mai saɓa bindiga ya shiga daji, ko manomin da ke harbi don korar birai daga gona. Duk wanda ya taɓa jan kunamar bindiga ya san abin da ke biyo baya: kunne ya ɗauki wani siririn kuka, maganar na kusa da kai ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Akan ce zai wuce. Kukan yakan wuce, amma ɓarnar da ya bari a cikin kunne ba ta cika gyaruwa ba.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan matsala su ne ƴan wasan harbi na gasa, domin mutum ɗaya kan harba ɗaruruwan harsasai a wunin atisaye. Wasan yana cikin gasar Olamfik tun karon farko a birnin Atina a 1896. A filayensu da kuma na sojoji ne na'urar kare kunne ta lantarki ta yi suna, kuma yanzu tana isowa yankinmu ta hannun ƴan kasuwa da masu oda ta intanet. A kan kwalinta za ku ga an rubuta casque antibruit électronique da Faransanci. Abu ɗaya ne ya kamata mai saye ya riƙe tun farko: ƙoƙon na'urar da matashin da ke manne wa fata su ne ke tare ƙarar harbi, lantarkin kuwa aikinsa shi ne ya bar ku ku ji magana.

Ƙarar bindiga nawa ce?

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, wanda ake taƙaitawa da dB. Hira tsakanin mutum biyu tana kai kimanin 60 dB. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar 85 dB ga wanda zai yi awa 8 yana aiki cikin hayaniya. Ma'aunin ba ya hawa kamar mudu: duk ƙarin 3 dB yana ninka ƙarfin sautin sau biyu, ƙarin 10 dB kuma sau goma. Shi ya sa a 88 dB awa 4 ce iyaka, a 91 dB awa 2.

Ga ƙarar da ke tashi farat ɗaya, irin ta bindiga ko ta fashewar taya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar 140 dB ga manya, 120 dB ga yara. Ƙaramar bindiga mai harsashi .22 tana kai kusan 140 dB. Bindigar farauta mai lamba 12, wadda aka fi sani da calibre 12 a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, tana kai tsakanin 155 da 160 dB. Manyan bindigogi da wasu ƙananan na hannu suna wuce 165 dB. Tazarar da ke tsakanin 140 da 160 ba ƙarama ba ce, ninki ɗari ne.

Wasu abubuwa suna ƙara tsananin ƙarar: gajeren bututu, harbi a kusa da bango ko ƙarƙashin rufin kwano, da tsayuwa a gefen bakin bindiga. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda ƴan bindigar sarki ke harbawa a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, ƙararta ta dogara da yawan albarushin da aka zuba. A wurin biki, inda ƙarar ake nema, akan cika hannu, kuma yara ne ke rububin matsowa kusa.

Me take yi wa kunne?

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai tsanani tana karya su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Harbi ɗaya yana iya yin ɓarna ta dindindin, amma galibi a hankali abin ke taruwa, shekara bayan shekara.

Ɓangaren da ke fara lalacewa shi ne mai jin siraran sautuka, a wajajen 4,000 Hz. A nan ne sautuka irin su s da sh da f da ts suke. Mutum zai ci gaba da jin tashi da saukar murya, amma ya kasa rarrabe "sa" da "sha", ko "fari" da "sari". Wannan ne ya sa tsoffin mafarauta kan ce suna jin magana amma ba sa gane ta, musamman a kasuwa ko a taron suna inda muryoyi suka yi yawa. Wata alama kuma ita ce kunnen da ya fi taɓuwa. Mai harbi da dama ya fi rasa jin kunnen hagu, domin idan ya kwantar da kumatu a kan gindin bindiga, kai da kafaɗa suna kare kunnen dama, na hagu kuwa yana fuskantar bakin bindiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke da wani mataki na raunin ji a duniya. A watan Oktoba na 2024 ofishinta na Afirka ya ce mutum kimanin miliyan 40 ne abin ya shafa a yankin, kuma adadin zai iya kai miliyan 54 nan da 2030. Raunin da ƙara ke jawowa yana cikin waɗanda ake iya kauce musu gaba ɗaya.

Yadda na'urar take aiki

A ido, na'urar ta yi kama da abin sauraron kiɗa da ake sawa a kai: ƙoƙuna biyu, da maɗauri mai matse su a kan kunnuwa. A wajen kowane ƙoƙo akwai ƙaramin makirfo, a ciki kuma ƙaramar lasifika. Makirfon yana ɗauko sautin waje ya miƙa wa kunne, har ya ƙara masa ƙarfi idan aka murɗa. Da zarar sauti ya wuce iyakar da aka tsara, wadda a yawancinsu 82 dB ce, sai lasifikar ta ƙi miƙa shi.

Hanya biyu ake bi. Masu araha da yawa suna yanke sauti gaba ɗaya na ɗan lokaci, sai ka ji shiru, sannan ya dawo. Idan mutane da yawa suna harbi a jere, maganar alƙalin fili sai ta riƙa zuwa a yayyanke. Masu inganci suna danne ƙarar ne kawai su bar magana tana wucewa. Bambancin yana da muhimmanci ga jin umarni, amma bai shafi kariya ba. Ko an cire batir, na'urar tana tare ƙara daidai da yadda take tarewa a kunne, sai dai ba za a ji magana sosai ba.

Kada a haɗa ta da abin sauraron kiɗa mai rage hayaniya, wanda matafiya ke sawa a jirgin sama ko a mota. Wancan an yi shi ne don gunjin inji mai ɗorewa. Ƙarar bindiga tana kai ƙololuwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, kuma irin wannan abin sauraro ba a gwada shi a kanta ba.

Lambobin da ke jikin kwali

Kaya na gaskiya yana ɗauke da lambar da ke nuna yawan ƙarar da yake ragewa. Wanda aka yi don kasuwar Amurka yana ɗauke da NRR. Wanda ya zo ta Turai yana ɗauke da SNR, da alamar CE, da lambar ƙa'ida EN 352. EN 352-1 na mai ƙoƙo ne, EN 352-2 na abin cusawa a kunne, EN 352-4 kuma na mai ƙoƙo da lantarki. Hanyar lissafin biyu ta bambanta, kuma SNR yakan fi NRR da kimanin 3. Misali, Howard Leight Impact Sport, wadda ta yaɗu sosai, NRR ɗinta 22 ne, SNR kuma 25. Don haka idan za a gwama kaya biyu, a gwama NRR da NRR, ko SNR da SNR.

A nan ne mai saye kan yi mamaki. Na'urorin lantarki masu siririn ƙoƙo, waɗanda masu doguwar bindiga suka fi so, lambarsu ba ta da yawa: Walker's Razor Slim tana da NRR 23, 3M Peltor Sport Tactical 100 tana da 22, Tactical 500 mai ƙoƙo mafi kauri tana da 26. Soson toshe kunne na ƴan kuɗi kaɗan, wanda ake kira bouchons d'oreille, yana da tsakanin 29 da 33. Sordin Supreme ta ƙasar Suwidin, da kuɗinta ya wuce yuro 200 a Turai, wato fiye da sefa 130,000, SNR ɗinta bai wuce na masu araha ba. Abin da kuɗin ke saya shi ne tsabtar sauti, da ƙarko, da jure ruwa.

Lambar kuma daga ɗakin gwaji take, inda ƙwararru suka sa na'urar daidai. A wurin aiki kariyar ba ta cika kai haka ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, idan tana ƙiyasin hayaniyar masana'anta, takan cire 7 daga NRR ta raba saura biyu. Saboda haka ne NIOSH ta ba da shawarar masu harbi su haɗa biyu: soso a ciki, ƙoƙo a waje. Ba a tara lambobin biyu, ana ƙara kimanin 5 ne a kan wadda ta fi girma. A wannan haɗi lantarki ya fi nuna amfaninsa, domin za a iya murɗa sautin sama har magana ta ratsa soson, ƙarar harbi kuwa ta tarar da shinge biyu.

Iri uku da za a iya samu

Na farko shi ne mai ƙoƙo. Yana da sauƙin sawa da cirewa, ana iya ara wa ɗan uwa, kuma yawanci batir biyu na AAA yake ci, waɗanda ake samu a kasuwar Arzeke da kusan kowane teburin mai sayar da tocila. Rauninsa shi ne zafi, da kuma gindin bindiga da kan ture ƙoƙon ya ɗaga shi daidai lokacin harbi.

Na biyu shi ne na lantarki da ake cusawa a cikin kunne. Ba ya taɓa gindin bindiga, ba ya tara gumi, kuma yana tafiya da hula ko rawani. Amma yawancinsa caji ake yi masa, yana da saurin ɓata a daji, kuma kariyarsa ta dogara da bakin roba ko soson da ya dace da ramin kunnen mai shi.

Na uku ba shi da batir ko kaɗan. Abin cusawa ne mai ɗan ƙaramin rami da matata a ciki: sauti mai laushi yana wucewa, ƙara mai tsanani kuwa tana cin karo da matatar. Cibiyar bincike ta haɗin gwiwar Faransa da Jamus da ke Saint-Louis ta yi fice wajen ƙera irin wannan matata don sojoji. Ya dace da mafaraucin da zai yi harbi ɗaya ko biyu a fili, amma bai isa ga mai wuni a filin atisaye ba.

Kowane iri aka zaɓa, zamansa a kunne shi ne komai. A watan Agusta na 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya dalar Amurka biliyan 6 don sasanta ƙarar da dubban ɗaruruwan sojoji da tsoffin sojojin Amurka suka shigar kan wani abin toshe kunne da suka ce yakan sassauta ba tare da mai shi ya sani ba. Kamfanin bai amsa laifi ba. Auduga ko tsumma da wasu ke cusawa kuwa, ƙarar da suke ragewa ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da dokokin gasa suka ce

Mai niyyar shiga gasa ya fara duba dokar wasansa kafin ya kashe kuɗi. Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wadda ke kula da harbin Olamfik, ta hana ƴan wasa sa abin kare kunne mai ƙara sauti ko mai karɓar saƙo yayin fafatawa, don kada koci ya riƙa yi wa ɗan wasa raɗa. Alƙalai an yarda su sa. Ke nan na'urar lantarki a wannan fanni ta atisaye ce, ranar gasa sai a koma wa soso ko ƙoƙo marar lantarki.

A gasar IPSC, inda ake harbi ana gudu daga wuri zuwa wuri kuma agogo na lissafi, kare ido da kunne wajibi ne, kuma na'urar lantarki ta zama ruwan dare domin dole ɗan wasa ya ji umarnin alƙali da ƙarar agogon farawa. Idan abin kunnensa ya faɗi ana cikin harbi ba da gangan ba, alƙali yakan tsayar da shi.

Masu kallon gasar Paris ta 2024 za su tuna Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda ya ci azurfa tare da Şevval İlayda Tarhan, hannu ɗaya a aljihu, ba ƙoƙo a kunne. Hotonsa ya zagaya duniya. Abin lura shi ne akwai ƙaramin abin toshewa a kunnensa, kuma bindigar iska yake harbawa a tazarar mita 10, wadda ba ta amfani da albarushi. Misalinsa bai shafi mai calibre 12 ba.

Zafi, ƙura da sutura

Yawancin waɗannan kayayyaki an tsara su ne a ƙasashen sanyi. A zafin Maris da Afrilu na arewacin Benin, matashin roba yana tara gumi, yana zamewa, kuma yana saurin bushewa ya tsage. Matashi mai ruwan jel ya fi laushi, ya fi manne wa fata, kuma ana sayar da shi daban ga wasu samfura. Masu ƙerawa suna ba da shawarar canja matashi kamar sau biyu a shekara ga mai yawan amfani. Kafin saye a tambaya ko ana samun na canji.

Duk abin da ya shiga tsakanin matashi da fata ƙofa ce ga ƙara: gefen hula, rawani, ɗankwali, gashi mai yawa, da ƙafar tabarau mai kauri. Mai tabarau ya nemi mai siririyar ƙafa, ko ya sa soso a ciki. Ƙurar hunturu tana toshe makirfo, iska kuma tana sa shi gunji, don haka a nemi wanda makirfonsa ke da rufin soso. Da damina a cire batir idan za a ajiye, domin laima da batirin da ya zube su ne ke kashe lantarkin. A tabbata makirfo biyu ne, ɗaya a kowane gefe, in ba haka ba mafarauci ba zai gane ta inda motsi ko kiran abokin tafiya ya fito ba, kuma a farautar gayya wannan batu ne na rai.

Gwaji kafin biya

A duba kwali a ga NRR ko SNR, da sunan kamfani, da lambar EN 352 idan kayan Turai ne. Kwalin da ya ce yana rage ƙara ba tare da lamba ba, a bar shi. Ana kwaikwayon samfuran da suka yi suna, saboda haka farashin da ya faɗi ƙasa sosai abin zargi ne. Araha ba ta ado.

A sa na'urar a kashe, a saurari baburan zemijan da ke wucewa. Sannan a danna ƙoƙunan da tafin hannu. Idan ƙarar ta ragu sosai da dannawa, matashin bai zauna ba. A kunna, a sa wani ya yi magana daga baya, ya tafa hannu da ƙarfi kusa da makirfo: ya kamata maganar ta fito tas, tafin kuma ya dushe. A ɗauki sanda a kwantar da kumatu a kanta kamar za a harba, a ji ko ƙoƙon yana ɗagawa.

Shi ma soso da yadda ake sa shi. A murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama da baya, a cusa, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan rabinsa yana leƙe a waje, bai shiga ba. Wanda ba shi da kuɗin na'urar lantarki ya fara da soson, domin idan ya zauna daidai kariyarsa ba ta gaza ta mai tsada ba. Yaron da ke rakiya farauta shi ma a sa masa, kuma a tsayar da shi a bayan mai harbi.

Idan kunne ya riga ya taɓu

Kukan kunne da ya wuce kwana ɗaya ko biyu bayan harbi, ko ji da ya ɗauke farat ɗaya, ko jini ko ruwa daga kunne, ko jiri, duk suna bukatar ganin likita cikin gaggawa, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko. Kada a ɗiga mai, ko ruwan ganye, ko wani magani a kunnen da ake zaton dodonsa ya fashe, kuma kada a sake harbi kafin a duba shi.

A Parakou akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wato ORL, a babban asibitin koyarwa na CHUD Borgou-Alibori. Na Djougou za su iya farawa da asibitin Ordre de Malte a tura su gaba. A Kwatano akwai asibitin CNHU Hubert Koutoukou Maga, masu ƙetarawa Najeriya kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Gwajin da za a nema sunansa audiogramme. Ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma mai harbi a kai a kai ya kamata ya yi shi sau ɗaya a shekara, ya adana takardar don a gwama da ta baɗi. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, kuma tana faɗowa ne ana tsakiyar rani, lokacin da bindigogi suka fi fita daji.